Ƙwai na Tara da Na Cire Daga Ɗakin Kajin Yayata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ƙungiyar da ta raba ƙasidar tsimin wutar lantarki a Batsari da Safana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da dukkan ma'aikatanka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara taimako, amin.

Ranka ya daɗe, sunana Isiyaku Abdu. Malamin firamare ne ni a nan garin Batsari, kuma na haura shekara hamsin. Karatuna na makaranta bai yi nisa ba. Yawancin abin da na sani bayan takardar koyarwa, a ƙasidu na koye shi. Ina da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado wanda nake tara su a ciki, kowace da ranar da na karɓe ta a rubuce a bayanta: ta gidan sauro, ta ruwan gishiri da sukari, ta ajiyar wake, ta rigakafin dabbobi. Abokan aikina sukan yi mini tsiya su ce ko ruwa zan sha sai na duba ƙasida. Ban taɓa jin haushin wannan ba, domin har zuwa daminar bana ƙasida ba ta taɓa kai ni ga nadama ba.

Sau biyu na rubuto maka takarda ta hannun matashin da ya jagoranci taronku a nan, ban samu amsa ba. Mai yiwuwa ba su iso gare ka ba, kuma ba na zarginsa. Amma na ji labari cewa da an gama kaka za ku shiga ƙauyukan Safana da wannan ƙasida yadda take, shi ya sa na ga babu makawa sai na yi magana a fili tun kafin ku tafi. Zan jera bayanina daki-daki domin kada in cakuɗa.

1. Abin da ƙasidarku ta faɗa na gaskiya

Wajibi ne in fara da wannan, domin kada wani ya karanta takardata ya ce Malam Isiyaku ya ce sabon ƙwan lantarki yaudara ne. Ban ce ba. Gidana yana da mita mai kati. Katin da a da yakan ƙare mana cikin mako uku, yanzu yana kai mu mako biyar, wani lokacin har da 'yan kwanaki. Hasken ya fi na da, ɗalibaina da ke zuwa bita da yamma sun daina matse ido, kuma tun da na sa sababbin ƙwayayen ko ɗaya bai ƙone ba. Duk mai gida da ya tambaye ni, ina ce masa ya canza. Ko gobe haka zan ce. Kukana a kan layi ɗaya ne da kuka rubuta, da wani layi ɗaya da ba ku rubuta ba.

2. Wadda abin ya shafa

Ina da yaya mace, Hurera, wadda ta girme ni da shekara goma sha biyu. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, har yau kuma Auta take kirana, ko a gaban ɗalibaina. A Babban Duhu ta yi aure, a can ta zauna fiye da shekara talatin tana kiwon tumaki da 'yan shanu. Mijinta ya rasu, zama ya yi wuya a ƙauye, dabbobin suka tafi ta hanyoyin da ba sai na faɗa ba, kowa a yankin nan ya sani. Na sha wahala kafin ta yarda ta dawo gidana. Ranar da ta sauka daga mota da ƙullin kayanta da tunkiya ɗaya a igiya, tun ba ta zauna ba ta ce mini: “Auta, ban zo don a ciyar da ni ba. Ranar da na ga na zama kaya a gidan nan, ranar zan koma.”

Saboda haka na gyara mata ƙaramin ɗakin da ke kusa da rumbu, ta fara kiwon 'yan tsakin gidan gona. Wani bawan Allah mai kawo su daga Katsina a kwali shi ya koya mata: a shimfiɗa garin katako, a kewaye su da kwali, a rataya ƙwan lantarki mai wat ɗari ya sauko ƙasa-ƙasa a tsakiyarsu. In an ɗauke wuta, a hura gawayi a kasko. Ƙa'idarta ke nan, kuma ba ta taɓa saɓa ta ba: in ƙwai yana ci, babu gawayi, in ya mutu, a hura. Zubin farko guda ashirin da biyar ta yi, biyu kawai ta rasa. Da kuɗin ta sayi atamfa ta ba mai ɗakina Binta, ta kuma riƙa sayen gishiri da daddawa na gidan ba tare da ta tambayi kowa ba. Ban taɓa ganin ta miƙe kafaɗa haka ba tun zuwanta. Sai ta sayar da tunkiyar nan, abu na ƙarshe da ta taho da shi daga gidan mijinta, ta sayi guda hamsin da abincinsu.

3. Taronku da ƙwai na tara

Cikin watan Agusta ma'aikatanka suka zo, suka yi taro a filin makaranta ranar kasuwa bayan Azahar. Magidanta maza aka gayyata. An raba ƙasida, aka ce duk wanda ya kawo tsofaffin ƙwayaye washegari za a musanya masa da sababbi a kan rangwame, kuma wanda ya canza na gidansa gaba ɗaya za a rubuta sunansa a matsayin gidan misali.

Na karanta ƙasidar sau uku a ranar, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin wurare biyu. Na farko shi ne inda kuka ce a canza kowane ƙwai da ke gida, kada a bar ko ɗaya. Na biyu shi ne inda kuka bayyana cewa zafin da tsohon ƙwai yake fitarwa asarar kuɗi ce tsantsa, sabon kuwa ko yaro zai iya taɓa shi yana ci. Akwai zanen gida a shafi na biyu: falo, ɗakin kwana, kicin, banɗaki, ƙofar gida. Babu turke, babu akurki, babu rumbu.

Na zagaya gidana da takarda ina ƙirgawa. Zaure ɗaya, tsakar gida ɗaya, ɗakuna huɗu, madafa, bayan gida. Takwas. Na tara shi ne na ɗakin kaji, kuma shi kaɗai ne mai wat ɗari, shi kaɗai ne ke ci dare da rana. Da na yi lissafi irin wanda ƙasidar ta koyar, sai na ga shi ɗaya yana cin wutar da ta fi ta sababbi takwas ɗin a haɗe. Raina ya tsaya a kansa.

A nan zan faɗi nawa laifin ba tare da na rage komai ba. Yaya Hurera ta tafi bikin suna a ƙauyen Darini a ranar. 'Yan tsakin kwanansu huɗu. Na san in na tambaye ta za ta ce kada in taɓa mata ɗaki, ni kuma ina so a kira sunana a ce gidan Malam Isiyaku ya cika tara cif. Na ɗauki kujera na shiga na kwance shi da tsumma, domin yana da zafi, kuma ko a lokacin hankalina bai ba ni cewa wannan zafin da ya sa na nemi tsumma shi ne aikinsa ba. Cikin sababbin na zaɓi mai haske ruwan ɗorawa, wanda ya fi kama da tsohon, domin kada ta lura ta yi mini faɗa. Idonta ya fara rauni, kuma tana tsoron lantarki, ba ta taɓa kai hannu kusa da ƙwai. Na san duk wannan, da shi ma na yi dabarar. An kira sunana a filin makaranta, an tafa mini, an ba ni hula mai tambarinku. Tana cikin akwatin, ban taɓa sa ta ba.

4. Kwana ukun marka

Washegari aka shiga marka. Kwana uku ana ruwa ba a ga rana ba, iska mai sanyi tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Abin da har yanzu yake damuna shi ne, a wannan makon wuta ta zauna yadda ba ta saba ba. Garin da mukan kwana biyu babu wuta, sai ga shi har rana ta uku ko ƙiftawa ba ta yi ba. Da an ɗauke ta kamar kullum, da Yaya ta hura gawayinta, da ban rubuta wannan takarda ba.

Safiyar farko ta fito da guda shida a cikin tsohon kwano. Ta ce sun taru a lungu ɗaya sun hau kan juna, na ƙasa sun mutu. Mai kawo su ya taɓa gaya mata cewa taruwa alamar sanyi ce. Ta ɗaga kai ta dubi ƙwan, ta ga yana ci tar, ta ce to ba sanyi ba ne, ciwo ne. Ta aiki Binta kasuwa aka sayo magani aka zuba a ruwansu. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da laima, har ina ba da shawarar a ƙara wanke mazubin ruwan, domin ina da ƙasida a kan tsabtar kiwon kaji. Safiya ta biyu goma sha tara. Ta daina cin abinci, ta shimfiɗa buhu a bakin ɗakin ta zauna tana jan carbi. Safiya ta uku ban iya ƙirgawa ba, Binta ce ta kwashe su.

Da hantsi a rana ta ukun aka ɗauke wuta. Yaya ta tashi bisa ƙa'idarta ta hura gawayi, ta shigar da kasko. Ban tafi makaranta ba saboda ruwa, ina nan ina kallo. Ba a yi awa ɗaya ba, ragowar suka saki juna, suka bazu, suka fara tsattsagar abinci. Ta ce: “Alhamdu lillahi, Auta, ka ga magani ya fara kama su.” A daidai wannan lokacin layin da na ja wa jan biro ya dawo mini, cewa ko yaro zai iya taɓa shi. Nan na gane sanyi ne ya kashe su. Cikin hamsin, bakwai suka rage.

5. Shirun da na yi

Wannan sashe bai shafe ku ba, amma in na tsallake shi takardar ta zama rabin gaskiya. Ban faɗa mata ba. Da ta shiga alwala na kwance sabon ƙwan na sa a aljihu, na ce mata ya ƙone, kuma ba a samun irinsa a gari, sai ta ci gaba da gawayi. Na yi haka don in ceci bakwai ɗin, na kuma yi don in ceci kaina. Mako biyu ina ɗauke da abin. Ina koyar da lissafi ina mance inda na tsaya a allo.

Ita kuwa ta ɗora laifin a kan mai kawo 'yan tsaki. Da ya zo yi mata jaje ta ƙi amsa sallamarsa, ta ce daga bayan ƙofa ya sayar mata da masu ciwo alhali ya san tunkiyarta ɗaya tilo ce ta sayar. Maganar ta zaga unguwa. Mata uku da suka yi niyyar saya a wurinsa suka fasa. Mutumin ya rantse, ya tafi yana share ido da hular kansa. Ina cikin zaure ina jin komai.

Binta ce ta kawo ƙarshen abin. Ashe ta gan ni ranar da na shiga da kujera. Ta same ni ina shirin fita ta ce: “Malam, na yi shiru ina jiran ka, amma yanzu an shiga haƙƙin wani. Ko ka faɗa mata yau, ko ni in faɗa, kuma in ni na faɗa ba zan gyara maka ba.”

Na je na durƙusa a gaban Yaya kamar yadda nake yi ina yaro, na fito da ƙwan daga aljihu, na faɗi komai. Na yi zaton za ta yi faɗa, na ma fi son ta yi. Ta karɓi ƙwan ta jujjuya shi. Sannan ta ce: “Kajin dai, Allah ne ya kashe su, kwanansu ne ya ƙare. Amma Auta, ka zaɓo mai kama da shi ne don kada in gani?” Na ce e. Ta ce: “To.” Ta miƙo mini shi, ta yafa mayafi, ta tafi da ƙafarta har tasha ta nemi mai 'yan tsakin ta roƙe shi gafara a gaban mutane. Ni ma na je daga baya. Ina kuma sake faɗa a nan domin duk wanda ya ji maganar farko ya ji ta biyu: 'yan tsakinsa lafiyayyu ne, ni na kashe su da sanyi.

6. Inda nake ganin naku

Ranka ya daɗe, ban rubuto don in sauke kayana a kanka ba. Hannuna ne ya kwance ƙwan. Amma ina roƙon ka dubi abu biyu da idon adalci.

Wanda ya rubuta ƙasidar ya ɗauka cewa ƙwai haske kawai ake nema a wurinsa. A gidan da ya zana haka ne. A gidajenmu kuwa mutum da dabba katanga ɗaya ta kewaye su. Bayan abin ya faru na bi gidajen abokan aikina ina tambaya, ba don in tara hujja ba, don in san ko ni kaɗai ne marar lura. Na samu wanda matarsa ke ɗumama ɗan akuyar da uwarsa ta mutu a ƙarƙashin irin wannan ƙwai. Na samu mai ƙyanƙyasar ƙwan zabi a cikin akwatin katako da ya haɗa da kansa, kuma tsohon ƙwan lantarki ne zuciyar akwatin. Su Allah ya tsare su, domin ba su kai ni biyayya ga takarda ba. Kun ce kada a bar ko ɗaya, ba ku ce sai dai wanda aka rataya don ɗumi ba. Kalmomi kaɗan ne, da sun shiga ƙasan shafi na biyu ba tare da an ƙara takarda ba.

Na biyu, mu maza kuka tara. Mu ke sayen kati, gaskiya ne, shi ya sa maganar tsimi ta shige mu. Amma wanda ke biyan kuɗin wuta daban, wadda ta san aikin kowane ƙwai a cikin gida daban. Da Yaya Hurera tana filin nan, ko da ba ta iya karatu ba, da ta ji an ce sabon ba ya zafi za ta ɗaga hannu ta tambaya da me za a ɗumama 'yan tsaki. Tambayar da ni mai jan biro ban yi ba. Sannan kun sa kyauta a kan cika adadi, kyauta kuwa tana sa mutum irina gaggawa.

7. Roƙona

Ba na neman diyya. Ko kun bayar ba za ta karɓa ba, na riga na gwada da albashina, ta mayar mini da shi a cikin ambulan ɗinsa.

Ina roƙo, kafin ku shiga Safana, a ƙara layin nan a ƙasidar. In an riga an buga da yawa, a sa hatimi ko a rubuta da hannu. In babu masu rubutawa, a turo mini su, ina da hutun ƙarshen zango kuma rubutuna yana karantuwa. A ce wa mutane duk ƙwan da aka rataya don ɗumama kaji ko wata dabba a bar shi, ko kuwa in an cire a tanadi gawayi a madadinsa, kuma a gaya wa mai kiwon baki da baki.

Ina roƙo a riƙa yin zama na biyu da mata, ko a tura mace ta shiga gidaje.

Ina roƙo a cire sunana daga jerin gidajen misali. In kuma kuna so ku bar shi, to ku ba ni minti biyar a taronku na gaba in tsaya in ba da wannan labari da bakina. Ina jin kunyar tsayawa gaban jama'a da irin wannan magana, amma na fi jin tsoron wata tsohuwa ta zauna a kan buhu tana kallon ƙwai yana ci.

Kafin in rufe takardar na karanta wa Yaya ita daga farko har ƙarshe, domin ban ga ya dace in sake yin wani abu da ya shafe ta a bayan idonta ba. Ta saurara, ta ce in cire inda na ce idonta ya yi rauni, na ce gaskiya ce, ta ce to in bari. Makon jiya na shiga Katsina na yi ta yawo har na samo tsohon ƙwai mai wat ɗari, na naɗe shi a takarda na ajiye mata a bakin taga. Yana nan inda na ajiye shi. Ta riga ta ɗaure kayanta. Da an cire gyaɗa za ta koma Babban Duhu wurin ɗan mijinta, da kajinta bakwai a cikin kwando. Na roƙe ta, Binta ta roƙe ta, limamin unguwarmu ya sa baki. Ta ce ba fushi take yi ba, kuma na yarda, domin har yanzu ita ke ajiye mini ƙanzon tuwo da safe. Na ce mata gidan da za ta babu lantarki, yaya za ta yi da kiwon? Ta ce: “Da gawayi, Auta. Shi in ya mutu ina gani, kuma ba mai canza mini shi ban sani ba.”

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya sa aikinku ya amfani talakawa, ya tsare ka da yin kuskuren da wani zai biya. Allah ya zaunar da ƙauyukanmu lafiya, ya kai Yaya gida lafiya, ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Isiyaku Abdu,
Batsari.